Tsoro Da Baƙin Ciki Ba Raunin Imani Ba Ne

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zukata kuma Ya san abin da suke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filin namu zai duba wata matsala wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba, amma kuma da wuya a sami gidan da ake maganarta a fili, watau matsalar tsoro da fargaba da baƙin ciki mai daɗewa. Akwai magidancin da yakan kwana idonsa biyu yana lissafin bashi da kuɗin makarantar yara. Akwai matar da ta rasa ɗa, shekara ta zagayo amma har yanzu abinci ba ya yi mata daɗi. Akwai saurayin da ya gama karatu bai sami aiki ba, ya shige ɗaki ya daina fita ko da masallaci. Akwai kuma waɗanda tashin hankali ya raba su da garuruwansu, ko ƙarar ƙofa suka ji sai gabansu ya faɗi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, amsar da ya fi samu ita ce, "Yi haƙuri, ai Musulmi ba ya damuwa," ko kuwa a ce masa, "Da imaninka ya cika da ba ka shiga wannan hali ba." Sai ya koma da kaya biyu, ga ciwon da ya zo da shi, ga kuma zargin kansa cewa ya zama mai raunin imani. To, wannan magana ita muke so mu ɗora a kan ma'aunin Alƙur'ani da Sunna mu ga ko tana da nauyi.

ABIN DA YA SAMI ZAƁAƁƁUN BAYI

Mu fara da Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Suratu Yusuf ta ba mu labarin cewa ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, har 'ya'yansa suka ji tsoron kada yawan ambaton Yusufu ya kai shi ga halaka. Da suka yi masa magana, sai ya sanar da su cewa shi wurin Allah yake kai kukansa. Abin lura a nan shi ne, wannan dattijo da baƙin ciki ya tafi da ganinsa shi ne dai wanda ya ɗauki alkawarin haƙuri mai kyau tun ranar da aka kawo masa riga da jinin ƙarya, kuma shi ne ya tura 'ya'yansa su koma Masar neman Yusufu da ɗan'uwansa, ya gargaɗe su kada su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Ashe ke nan hawaye da haƙuri da kyakkyawan zato ga Ubangiji suna iya zama a cikin zuciya ɗaya a lokaci ɗaya, ba tare da wani ya kori wani ba.

Annabi Musa kuwa, Suratul Ƙasas ta nuna mana cewa ya fita daga Masar a tsorace yana waiwaye. Sa'ad da sandarsa ta rikiɗe ta zama maciji a gefen dutsen Ɗuri, juyawa ya yi da gudu sai da aka kira shi aka kwantar masa da hankali. Da aka aike shi wurin Fir'auna bai ɓoye tsoronsa ba, ya ce yana fargabar su kashe shi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. Allah bai zarge shi da raunin imani ba, sai ma Ya amsa roƙonsa Ya ƙarfafa shi da ɗan'uwan nasa.

Ga kuma Nana Maryamu. Lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ita kaɗai, ga ciwo ga tunanin abin da mutanenta za su ce, sai da ta yi fatan da ma ta mutu an manta da ita. Amsar da ta samu a Suratu Maryam lallashi ne: aka ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa a kusa da ita, aka umarce ta ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da ranta. Dubi yadda aka fara da abinci da abin sha kafin a gaya mata yadda za ta fuskanci mutane.

Shi kansa fiyayyen halitta, mai tsira da amincin Allah, ranar da wahayi ya fara zo masa a kogon Hira, ya koma gida zuciyarsa tana bugawa, ya ce a lulluɓe shi, ya gaya wa Nana Hadiza cewa ya ji wa kansa tsoro. Uwar Muminai ta lulluɓe shi har ya natsu, ta tuna masa kyawawan halayensa na sada zumunci da taimakon gajiyayyu da girmama baƙo, sa'an nan ta kai shi wurin Waraƙatu ɗan Naufal, wanda yake da ilimin littattafan da suka gabata. A shekara ta 10 bayan aiko shi ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib kusa da kusa, har malaman tarihi suka sa wa wannan shekara suna Shekarar Baƙin Ciki. A Madina kuma, da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, idanunsa suka zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Manzon Allah ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma baki ba ya furta abin da zai saɓa wa Ubangiji. Haka nan sahabbai a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Suratul Ahzab ta siffanta tsoron da ya kama mutanen Madina da cewa zukata sun kai har maƙogwaro, alhali kuwa a cikinsu akwai mafifitan wannan al'umma.

Idan kuwa haka abin yake ga Annabawa da sahabbai, wane ne a cikinmu zai dubi ɗan'uwansa ya ce damuwarsa shaida ce ta ƙarancin imani? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa babu wata gajiya ko cuta ko damuwa ko baƙin ciki da zai sami Musulmi, har ƙayar da za ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubai da ita. Da damuwa laifi ce da ba a lissafa ta cikin abubuwan da suke kankare laifi ba.

MENE NE HAƘURI?

Abin da shari'a ta yi hani a kansa daban ne. Ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ta hana yin fushi da hukuncinSa, ta hana kururuwa da marin fuska da yage tufafi a wurin mutuwa, ta kuma hana tsoron da zai kai mutum wurin boka ko ya sa shi ya bar abin da Allah Ya wajabta masa. Don haka ne malamai suka bayyana haƙuri da cewa shi ne tsare zuciya daga fushi da ƙaddara, da tsare harshe daga ƙorafi a kan Allah, da tsare gaɓɓai daga aikata abin da aka haramta. A cikin wannan bayani babu inda aka ce mai haƙuri shi ne wanda ba ya jin zafi, babu kuma inda aka ce shi ne wanda ba ya faɗa wa kowa. Malamai sun bambanta tsakanin kai ƙarar Allah wurin bayinSa, wanda yake abin zargi ne, da kuma ba da labarin ciwo ga likita ko ga masoyi domin neman magani da shawara, wanda yake halal ne. Ya tabbata cewa Nana A'isha ta koka da ciwon kai a gaban Manzon Allah, shi ma ya gaya mata nasa kan yana ciwo.

Mu a nan ƙasar an tashe mu a kan kunya da kara da dauriya, kuma waɗannan halaye ne masu kyau. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwa takan rasa ɗan fari ta haɗiye kukanta saboda kunya, namiji kuma an gaya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka. Amma fa su magabatan da suka bar mana waccan karin magana su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asirin gida abin rufewa ne ga mai tsegumi, amma ciwo ba abin rufewa ba ne ga mai magani.

ABIN DA MALAMAN MUSULUNCI SUKA GANO TUN DA DAƊEWA

Wasu suna ɗauka cewa maganar cutar damuwa baƙuwa ce, Turawa suka kawo ta. Wannan ba haka ba ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce an yi wani malami a yankin Balhu, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ana kiransa Abu Zaidil Balhi, almajirin mashahurin masanin nan Alkindi. Ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, watau 934 ta Miladiyya. Ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya keɓe sashe ɗaya na littafin ga lafiyar jiki, ɗaya sashen kuma ga lafiyar rai, ya kuma nuna cewa su biyun a haɗe suke, in ɗaya ya kamu ɗayan ma yakan taɓu. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan wanda ya rasu a 2021, shi ne ya fassara sashen lafiyar rai zuwa Turanci.

Wannan malami ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Da ya zo kan baƙin ciki sai ya raba shi biyu. Na farko shi ne wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, ya ce maganin wannan shi ne nasiha daga mai hikima da kuma tunani mai kyau da mutum zai riƙa yi wa kansa. Na biyu shi ne wanda yakan sauko wa mutum haka nan ba tare da wani sanannen dalili ba, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai, ya ce tushen wannan a jiki yake, don haka yana bukatar maganin jiki tare da hira da zama cikin mutane. Game da tsoro kuwa, ya kwatanta shi da hazo, wanda baƙon da bai san shi ba zai hango daga nesa ya zaci bango ne, sai ya shiga ciki ya tarar iska ce kawai. Ya kuma ba da shawara cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 yana da sashe na masu ciwon ƙwaƙwalwa, ana kuwa yi wa marasa lafiya magani kyauta daga dukiyar waƙafi. Saboda haka wanda ya kai ɗan'uwansa asibiti domin ciwon damuwa, tafarkin magabata ya bi.

YAUSHE BAƘIN CIKI YAKE ZAMA CUTA?

Likitocin zamaninmu sun tabbatar da wannan rabe-rabe, sun kuma ƙara masa bayani. Baƙin ciki na al'ada yakan zo ya yi sauƙi da tafiyar kwanaki, mai shi yana iya ci yana iya aiki ko da zuciyarsa tana ciwo. Amma idan ƙunci ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barcinsa ya lalace, cin abincinsa ya ragu ko ya yi yawa, ga kasala, ga kasa tattara hankali, ga ganin kansa ba shi da wani amfani, har ya fara tunanin gara mutuwa, to wannan ita ce cutar da ake kira ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 280 ne suke fama da ita a duniya, ta kuma fi yawa a cikin mata. Fiye da mace ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego sukan gamu da ita. Don haka idan aka ga mai jego tana yawan kuka, ba ta barci, ba ta sha'awar jaririnta, kada a yi saurin cewa sangarta ce ko rashin godiya.

Haka nan fargaba, akwai wadda takan taso wa mutum farat ɗaya, zuciya ta riƙa bugawa, gumi ya karyo, numfashi ya yi wuya, ya ji kamar ransa zai fita, bayan 'yan mintoci ta lafa. Ita ma sananniyar cuta ce, tana da magani. Wani lokaci kuma wata cuta ce ta jiki, kamar ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, take zuwa da irin waɗannan alamu, wanda gwajin asibiti kaɗai zai iya ganowa.

A nan ne ya kamata mu tuna da hadisin Usamatu ɗan Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah ko su nemi magani, ya umarce su su nema, domin Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, in ban da tsufa. Bai ware cutar ƙwaƙwalwa ba. Babu wanda yake ce wa mai ciwon sukari ko mai hawan jini ya bar magani ya wadatu da haƙuri, to don me za a ce haka ga wanda cutarsa take a ƙwaƙwalwa, alhali ita ma gaɓa ce kamar sauran gaɓɓai? Akwai asibitocin da aka keɓe domin wannan aiki, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Magani yakan kasance ta hanyar tattaunawa da gwani, ko ƙwayoyin da likita zai rubuta, ko duka biyu. A sani cewa su waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita.

Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata sunna ce, Manzon Allah da kansa yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya tofa a tafukansa ya shafe jikinsa in zai kwanta. Amma ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba. Abin da ya wajaba a guje shi ne jingina kowace damuwa ga sammu da iskoki, har a kai ga zargin kishiya ko maƙwabci ba da hujja ba, a raba zumunci, a kwashe ɗan abin da ya rage a kai wa masu damfara. Dukan marar lafiya kuwa da ɗaure shi da mari da sunan fitar da aljani zalunci ne, ba shi da asali a aikin Manzon Allah. Ko a dokar ƙasa, an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙinsu da mutuncinsu.

GUZURIN MAI DAMUWA

Kai kuma ɗan'uwa da wannan jarrabawa ta same ka, Sunna ba ta bar ka hannu wofi ba. Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma, ya ce ya sha jin sa yana neman tsarin Allah daga abubuwa takwas: damuwa da baƙin ciki, gajiyawa da kasala, tsoro da rowa, nauyin bashi da rinjayen mazaje. Malamai sun ce damuwa tana rataye ne da abin da bai zo ba tukuna, baƙin ciki kuwa da abin da ya riga ya wuce, to wanda ya nemi tsari daga su biyun ya roƙi Allah ne Ya bar masa yau ɗinsa. Wannan ya dace da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Saboda haka ka raba nauyinka kwana-kwana, kada ka ɗora wa daren yau kayan shekara.

Ka riƙe salla ko da zuciyarka ba ta jin daɗinta, domin rashin jin daɗin nan yana daga alamun cutar, ba alama ce ta cewa Allah Ya juya maka baya ba. Manzon Allah yakan fake da salla in wani al'amari ya tsananta masa, yakan kuma ce wa Bilal ya tayar da ita domin su sami hutu. In tsayuwa ta gagara ka yi a zaune, in dogon karatu ya gagara ka yi gajere. Ka yawaita karanta Suratud Duha, wadda ta sauka bayan wahayi ya ɗan yanke har mushirikai suka ce Ubangijinsa ya rabu da shi. A cikinta Allah Ya kore wannan zance, Ya tuna masa ni'imomin da suka gabata, sa'an nan Ya umarce shi da kula da maraya da mai roƙo. A nan akwai magani iri biyu, watau ƙirga alherin da aka riga aka yi maka, da kuma fita ka amfani wani. Zaman kaɗaici da zaman banza kuwa abincin waswasi ne, don haka ka fita sallar jam'i, ka yi tafiya da ƙafa, ka kama wata sana'a komai ƙanƙantarta, ka rage sauraron labaran tashin hankali da dare.

Ka kuma guji mafakar ƙarya. Da yawa daga cikin matasanmu, maza da mata, damuwa ce ta fara kai su ga ƙwayoyi da maganin tari mai sa maye, har sai da gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da kuma sarrafa maganin tari mai kodin a shekarar 2018. Maye yakan rufe damuwa na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo da ita ninki biyu tare da sabuwar cuta.

Idan kuwa har tunanin kashe kai ya fara zo maka, ka sani Allah Ya hana wannan a Suratun Nisa'i, kuma a wurin da Ya yi hanin nan Ya ambaci jin ƙanSa gare mu. Wannan tunani muryar cuta ce, yakan kuma gushe in an yi magani. Kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi a yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare.

HAƘƘIN DA KE KAN 'YAN'UWA

Sauran magana tana kanmu, mu iyaye da mazaje da mata da maƙwabta da limamai. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya saba zuwa sahu aka daina ganinsa, a bi sawunsa. Wanda ya saba hira ya koma shiru, a zauna da shi a saurare shi har ya gama kafin a fara yi masa nasiha. Mu yi koyi da Nana Hadiza, wadda ta fara da lulluɓewa, ta bi da kyakkyawar magana, ta ƙare da kai shi wurin masani. Mu yi koyi da Nana A'isha, wadda in an yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse takan sa a dafa talbina, watau wani irin kunu na garin sha'ir, ta ba masu makoki, tana mai cewa ta ji Manzon Allah ya ce yana sanyaya zuciyar marar lafiya yana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Haka nan da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wannan ya nuna cewa ƙwaryar kunu, da biyan wani sashe na bashi, da raka mutum asibiti, duk suna cikin ta'aziyya da jaje. Kada kuma ziyara ta ƙare ranar sadakar uku ko ta bakwai, domin sau da yawa sai taro ya watse sa'an nan kaɗaici yake fara aikinsa, musamman ga mai takaba wadda za ta zauna wata huɗu da kwana goma.

Duk wanda ya ji ɗan'uwansa yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, kada ya ɗauka wasa ne, kada kuma ya tsaya a kan tsoratar da shi da wuta. A zauna tare da shi, a kau da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a gaggauta kai shi wurin likita, a kuma rufa masa asiri. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yaye wa mumini wani baƙin ciki na duniya, Allah zai yaye masa wani daga baƙin cikin ranar alƙiyama. Malamanmu masu wa'azi su ma muna roƙonsu su riƙa haɗa tsoratarwa da bushara, domin a cikin masu sauraronsu akwai wanda zuciyarsa ta riga ta karye, kalma ɗaya tana iya ɗaga shi, kalma ɗaya kuma tana iya ƙarasa shi.

Muna roƙon Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, Ya amintar da duk mai tsoro, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.